Geron Ashafa a Sikelin Gyaɗa

Ranar Litinin da hantsi aka auna geron Ashafa, a zauren Malam Abdurrahim, limamin Unguwar Ɗinya, wani ɗan gari da ke bayan Wagini. Kafin a kira azahar babu gidan da bai ji cewa Ashafa ya hana zakka ba.

Da can a garin da dami ake fitar da zakkar hatsi. Mutum ya yi girbi, in ya ga Allah ya ba shi da yawa, ya ƙirga dami tara ya ware na goma. Wanda nasa bai kai ba kuwa, shi da Ubangijinsa. Sai bana Muntasir, ɗan Malam na uku, ya dawo daga karatu a Katsina da babbar waya a aljihu da magana a baki. Ya ce dami ba ma'auni ba ne, don wani zai ɗaure nasa kamar ƙugun bijimi, wani kamar wuyan akuya. Ya ce malamai sun riga sun yi lissafi, duk wanda geronsa ya kai kilo ɗari shida da hamsin da uku ya kai nisabi, sai ya fitar da ɗaya cikin goma. Saboda haka kowa ya sussuke nasa ya kawo a ɗora a sikeli. Mai unguwa ya yarda, don bana masu buƙata sun yi yawa, gonakin daji ba su shigu ba saboda 'yan bindiga.

Sikelin ba saye aka yi ba. Kakan Muntasir ya yi harkar sayen gyaɗa a zamaninsa, da ya rasu sikelinsa ya zauna a ɗakin shirgi, kaji na kwana a kai. Ƙaton abu ne mai faranti a ƙasa, da sandar ƙarfe mai lambobi a sama, da wani ɗan ƙarfe da ake turawa a kan sandar har ta tsaya daidai. Muntasir ya jawo shi, ya kankare tsatsa, ya zuba masa baƙin mai, ya shafe shi da koren fenti. Lambobi kaɗai ya bari a buɗe. Da aka kafa shi a zaure har mata sai da suka riƙa leƙowa.

Shi Ashafa bana ɗan fegin bayan gari kawai ya noma. Tun kafin a fara awon ya tsaya a bakin masallaci, gaban mutane, ya ce wallahi nasa bai kai ba. Da ya sussuke bai da kuɗin manyan buhuna, sai ya zuba a tsofaffin buhunan taki da ya tara, guda tara. Sawu biyar jakinsa ya yi kafin ya gama kai su zauren.

Muntasir na tsaye kan sandar, yana tura ƙarfen da ɗan yatsa. Buhun farko tasa'in da takwas. Na biyu tasa'in da bakwai. Na uku tasa'in da tara. Haka har na tara. Ya danna wayarsa, ya ɗago kai, ya dubi dattawan da ke kan tabarma tukuna kafin ya dubi mai geron.

"Ɗari takwas da tamanin da biyu," in ji shi. "Ka wuce nisabi da fiye da ɗari biyu. Kai ne mai rantsuwa a bakin masallaci?"

Ashafa ya dubi buhunan nasa kamar yau ya fara ganin su.

"Malam ƙarami, buhun taki ne fa wanga. Ni kaɗai na ɗora shi bisa jaki. Buhu mai kilo ɗari ai sai mutum biyu sun kama."

"To ai kai ƙarfi gare ka, kowa ya sani. Ba shi ne ya kai ka gaban mai unguwa bara ba, a kan ganyen wake?"

Wani ya yi tari. Babu wanda ya manta wannan maganar. Bara awakin gidan Malam sun shiga waken Ashafa har sau uku, ya yi magana ba a ɗaure su ba, a na huɗu ya kora su har ƙofar mai unguwa. Aka sa gidan Malam suka biya. Malam ya biya ya ɗaure awakinsa. Muntasir ne tun daga ranar in Ashafa ya yi masa sallama yake amsawa da hanci.

"Ba maganar wake ta kawo ni ba," in ji Ashafa. "Na ce maka ban yarda da awon ga ba."

"Ni ka ƙi yarda da ni ko ƙarfe? Ƙarfe ya san ka? Ya taɓa cin wakenka? Lamba nawa ka iya karantawa ma, da za ka zo kana gardama da sikeli?"

Wannan ta shige shi. Aji uku ya yi a firamare aka cire shi ya bi shanu. Ya waiga wajen dattawa. Duk cikinsu babu wanda bai taɓa ɗaukar buhu a kafaɗa ba, ya kuma ga a idon biyu daga cikinsu cewa abin bai kwanta musu ba. Amma zauren Malam ne, kuma ɗan Malam ne ke magana, ga waya a hannunsa. Kowa ya sa ido a tabarma.

"Ka bar buhu ɗaya a nan," in ji Muntasir. "Ɗan abin da ya haura zakkar ya zama sadaka."

"Ko tsaba ɗaya ba ni bari."

"To shi ke nan. Ranar Juma'a bayan an sallame zan karanta sunan duk wanda ya kai nisabi ya hana. Zuwa yanzu sunanka ne kaɗai a takardar. Kwashe kayanka, akwai masu tsoron Allah a bayanka suna jira."

Ashafa ya kwashe. Sawu biyar ya sake yi, a kowane sawu kuwa mutanen da ke bakin hanya sun fi na sawun baya yawa.

Matarsa Bara'atu fura take yi. Kullum da hantsi mata ke aikowa, kafin azahar ƙwaryar ta ƙare. Ranar Talata ta daka, ta cura, ta jera a ƙwarya, ta rufe da faifai. Har la'asar mutum biyu ne suka saya. Ranar Laraba ba a ko leƙo ba. Da ta fita ɗiban ruwa ta haɗu da Saude a bakin rijiya, maƙwabciyarsu ce, mijinta ya rasu shekara biyu ke nan, ita ke noma wa 'ya'yanta. Saude ba ta ɓoye mata ba.

"Wa zai sha furar geron da ba a tsarkake ba? Ni da nike mace, ƙananan buhuna bakwai na kai, aka ce ɗari shida da tasa'in, na kai nisabi. Ban buɗe baki ba, na bar musu nasu na taho. Sai mijinki ne ya fi kowa sanin ciwon gero?"

Bara'atu ta dawo ta dire tulu da ƙarfi har ruwa ya fantsama. Ashafa na gindin rumbu yana gyaran igiyar jaki.

"Maigida, ka kai musu buhun nan mu huta."

"Mu huta mu ci mi? Baki bakwai ne a gidan ga. Tara ɗin ma ba su kai mu damina ba."

"Gara yunwa da wannan. Ka ga ƙwaryar can? Tun jiya take nan. Ni'ima ta je Islamiyya an ce da ita ɗiyar mai cin zakka, ta dawo tana kuka. Kai kana nan kana murza igiya."

"In na kai buhun nan na ce na yi rantsuwar ƙarya ke nan. Na rantse da Allah gaban mutane, Bara'atu. In na kai, har in mutu ni ne wanda ya rantse aka kama shi. In ban kai ba a kira sunana a masallaci. Ki zaɓa mini ɗaya."

"Ni na sa ka rantse? Wa ya tambaye ka?"

Gaskiyarta ce, babu wanda ya tambaye shi. Ya tashi ya shiga ɗakin da buhunan suke. Ya rungumi ɗaya ya ɗaga shi har ƙirji, ya ajiye. Ya sake ɗagawa. Shekara ashirin yana ɗaukar kaya, bayansa ya san nauyi ko da idonsa bai san lamba sosai ba. Wannan buhun ko buhun taki sabo bai kai ba. Amma yaya mutum zai tsaya gaban jama'a ya ce bayansa ne shaidarsa?

Alhamis kasuwar Batsari ke ci. Ya ɗaure buhu ɗaya a bayan babur ɗin haya, ya hau ya matse tsakaninsa da direba. A layin 'yan hatsi ya nufi rumfar Alhaji Sadiq, wani tsohon mai sayen hatsi da mahaifinsa ya saba kai wa kaya. Alhaji na da sikelin zamani, mai nuna lamba da jar wuta. Suka gaisa, aka tambayi gida da iyali da kaka da yadda aka ji da zaman ɗar-ɗar, sannan Ashafa ya ce ba sayarwa ya zo ba, awo kawai yake so.

Aka ɗora. Wutar ta yi ƙyafta-ƙyafta ta tsaya.

"Arba'in da huɗu da 'yan kai," in ji Alhaji.

"Alhaji, a sake dubawa. A garinmu an ce tasa'in da takwas."

"Wanga buhun? Sai dai in da kai aka auna a kai."

Ashafa ya ba shi labari tun daga farko. Da ya zo kan sikelin, Alhaji ya ajiye goron da yake ɓarewa.

"Tsaya. Mai faranti a ƙasa? Da sanda a sama ana tura ƙarfe? Na tsohon nan mai sayen gyaɗa, uban limaminku?"

"Shi."

Alhaji ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya kira na rumfar kusa ya zo ya ji. Ashafa na tsaye, shi abin bai ba shi dariya ba.

"Yaro, ai sikelin nan bai san kilo ba. Laba yake ƙirgawa. Awon Turawa ne na da, da shi aka sayi gyaɗar iyayenmu kafin kilo ya shigo. Ina yaro da irinsa muka fara aiki. Laba ba ta kai rabin kilo ba. Kilo guda, laba biyu ce da ɗan ɗori."

"To ba ƙarya ya yi ba ke nan?"

"Sikelin? Ko kaɗan. Gaskiyarsa ya faɗa. Mai karanta shi ne bai tambaye shi da wane awo yake magana ba."

"Alhaji, koya mini yadda ake mayar da shi. Amma a hankali, ban yi nisa a boko ba."

"Ba ya buƙatar boko. Duk abin da ya nuna maka, ka raba biyu. Rabin nan kuma ka fitar masa da zakka, ɗaya cikin goma. Abin da ya saura shi ne kilonka, ko ya kauce ba ya kaucewa da yawa. Gwada da naka. Tasa'in da takwas."

Ashafa ya lanƙwasa yatsu. "Rabi, arba'in da tara."

"Fitar da zakka."

"Kusan biyar. Saura arba'in da huɗu."

Alhaji ya nuna masa jar wutar da haɓa. Ashafa ya dubi lambar, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya tsuguna ya ɗauki tsinke, ya yi na duka taran a ƙasa. Ɗari takwas da tamanin da biyu, rabi ɗari huɗu da arba'in da ɗaya, a cire arba'in da huɗu. Ko ɗari huɗu bai cika ba. Tsakaninsa da nisabi akwai fiye da kilo ɗari biyu da hamsin.

Murnar ba ta daɗe ba. Ya miƙe yana karkaɗe hannu, fuskarsa ta sake ɗaurewa.

"In na koma na faɗa, cewa zai yi na rage geron a hanya kafin in kawo maka. Ko ya ce kai ɗan kasuwa ne, sikelinka rage kaya yake don ka saya da arha."

"Uban wa zai ce haka?" in ji Alhaji, sai kuma ya sauko. "Zai iya. Irinsu sun iya. To kada ka kai masa bakina, kada ka kai masa geronka. Ka nemi abin da aka rubuta nauyinsa a jiki, wanda ba a buɗe ba, wanda kuma ba naka ba ne. Ka ɗora masa a kan nasa sikelin, gaban mutane."

Duk hanyar komawa abin da Ashafa ke juyawa ke nan. Taki ba lokacinsa ba ne. Buhun sukari sai mai shago, shi kuwa mai shagon garinsu ɗalibin Malam ne, ba zai ba shi ba. Sai da babur ya sauke shi a bakin masallaci ya ga abin da yake nema, an jera shi a ƙarƙashin rumfa an rufa masa leda. Siminti ne, buhu goma sha biyu, na ƙarin ginin masallaci. Muntasir da kansa ya je Safana ya sayo shi makon jiya, ya kuma yi ta faɗa wa mutane cewa shi ya zaɓa da hannunsa.

Juma'a da safe zauren ya cika, don ranar ce ta ƙarshen awo. Ashafa ya shigo da buhun siminti a ka, farar ƙura ta zubo masa har gira. Bai yi wa Muntasir sallama ba, dattawa ya yi wa. Ya sauke buhun a kan farantin, sandar ta buga sama da ƙara.

"Mi ye haka?" in ji Muntasir. "Wa ya ba ka izinin taɓa kayan masallaci? Bayan hana zakka kuma sata ka koma?"

"Ba ni fita da shi. Auna mini kawai."

"Ba ni aunawa. Sauke shi ka fita."

"Malam ƙarami, kai ka sayo shi. Ɗinkinsa na nan ba a taɓa ba. Ni ban iya karatu ba, kai ka faɗa. To karanta wa jama'a abin da aka rubuta a jikinsa."

Muntasir bai karanta ba. Wani dattijo mai aikin gini, daga kan tabarma, ya ce, "Ai ba sai an karanta ba. Siminti kilo hamsin ne, ko'ina a ƙasar nan."

"To a tura ƙarfen mu gani."

Mai unguwa na wurin. Ya ce, "Tura, Muntasir. Ai ba wani abu ba ne."

Muntasir ya tura. Ya kai ƙarfen kan hamsin, sandar ba ta ko motsa ba. Ya kai sittin, ya kai tamanin. Yatsansa ya fara sauri. Ya wuce ɗari. A ɗari da goma sandar ta sauko, ta yi lilo kaɗan, ta tsaya cak.



"Ɗari da goma," in ji Ashafa. "Wannan kam na iya karanta ta. To ko dai masu siminti sun ga na masallaci ne sun ninka maka, ko kuwa akwai magana."

"Danshi ya sha," in ji Muntasir. "Siminti in ya sha danshi nauyi yake ƙarawa."

"A kaka? Ƙarƙashin leda?" in ji mai ginin. "Da ya sha danshin da zai ninka shi ai da ya zama dutse."

"To wani ya taɓa sikelin. Jiya lafiya lau yake." Ya juyo kan Ashafa, idonsa ya yi ja. "Kai ne. Ka shigo ka yi masa wani abu don ka kunyata gidan nan. Tun bara abin da kake nema ke nan."

"Ban taɓa shi ba, kuma lafiyarsa lau. Laba yake ƙirgawa, ba kilo ba. Raba ɗari da goma biyu, hamsin da biyar. Fitar da ɗaya cikin goma. Mi ya saura? Danna wayar taka mana, ko ita ma ta sha danshi?"

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, aka zungure shi. Muntasir ya yo kan Ashafa har sai da mai unguwa ya sa sanda tsakaninsu. Hayaniyar ce ta fito da Malam Abdurrahim daga cikin gida. Tsoho ne sosai, idonsa ya yi rauni, shi ya sa ma bana ya bar wa ɗan nasa harkar zakka. Kowa ya miƙe. Ashafa ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam."

"Wa ke faɗa a zaurena ranar Juma'a?"

Mai unguwa ya yi masa bayani a taƙaice. Malam ya matsa, ya lalubi sandar sikelin, ya shafa ta tun daga farko har ƙarshe. Ya kai hannu gindinta, inda fenti ya yi kauri, ya kankara da farce.

"Wanga ai na Baba ne. Nan akwai rubutun Turawa, tsatsa ta ci rabi, kai kuma ka rufe sauran da fenti. Da aka ce mini kana awo da sikeli, na zaci sabo ka sayo. Laba ne. Ina yaro ni ke kira wa Baba lamba yana rubutawa." Ya juya inda yake jin numfashin ɗansa. "Da shi ka auna wa mutane zakka?"

"Baba, ai lambobin..."

"Mutum nawa?"

"Goma sha huɗu."

"Ka tambayi wa kafin ka fara? Ina cikin gidan nan. Taku nawa ne daga zaure zuwa ɗakina?"

Muntasir ya sunkuyar da kai. Malam ya sa aka ɗauko takardar, aka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, ana rabawa biyu ana cire ɗaya cikin goma, mai ginin na yi da baki, Ashafa na yi da yatsu. Cikin goma sha huɗun mutum uku ne kawai suka kai nisabi. Sauran, ban da Ashafa da ya ƙi bayarwa, duk an karɓi abin da bai wajaba a kansu ba, har da Saude, wadda nata bai wuce ɗari uku da 'yan kai ba. Malam ya ce a mayar wa kowa nasa kafin a tafi masallaci, wanda ya ga zai bayar sadaka daga baya wannan ruwansa.

Sannan ya ce, "Ashafa, ka yi haƙuri. Yaro ne."

"Allah gafarta Malam, kai ba ka yi mini komai ba. Amma ba a zaure abin ya tsaya ba. Kwana biyu ba a sayi furar gidana ba. An kira ɗiyata ɗiyar mai cin zakka. Ya ce yau zai kira sunana a masallaci. To ni ina so ya kira."

Muntasir ya ɗago kai da sauri. Malam ya ja carbinsa.

"Zai kira," in ji shi.

Masallaci ya cika har waje, don mutanen ƙauyukan kusa ma nan suke Juma'a, kuma labari ya riga ya kai musu cewa yau za a tona wani. Ashafa ya zauna can sahun baya, kusa da inda aka jera simintin, ya mayar da wanda ya ɗauka wurinsa. Da aka sallame Muntasir ya miƙe da takarda a hannu. Bai ɗauki abin magana ba, ya bar shi a kan mumbari. Ya ce an samu ɗan kuskure a wajen awo, an kuma gyara, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya faɗi haka da muryar da ko sahu na uku ba ta kai ba, ya juya zai zauna.

Ashafa ya miƙe tsaye.

"Mu nan baya ba mu ji ba."

Kawuna suka juyo. Wani ya ja masa riga, ya fizge.

"Ran Litinin har bakin rijiya aka ji ka. Ga lasifika nan. Kuma ban ji sunana ba."

Muntasir ya dubi mahaifinsa. Malam na zaune yana fuskantar alƙibla, bai waigo ba, hannu kawai ya ɗaga ya nuna mumbari. Muntasir ya ɗauki abin maganar. Lasifikar ta yi ƙara, sannan muryarsa ta fita har kan katangun gidaje, inda mata ke saurare. Ya ce geron Ashafa bai kai nisabi ba. Ya ce rantsuwar da Ashafa ya yi gaskiya ce. Ya ce sikelin laba yake aunawa, shi ne ya ɗauka kilo ne. Kowace kalma sai da ya tauna ta kafin ta fito, bai kuma ce a yafe masa ba. Ashafa ma bai jira ya ce ba. Ya ɗauki takalmansa.

A bakin ƙofa suka yi kiciɓis. Muntasir ya matso har kafaɗarsu ta gogu, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ka ji daɗi. Amma ka sani garin nan ɗaya ne, za mu sake haɗuwa."

"In sha Allahu. Ka dai ɗaure awakinku, wakena ya kusa isa roro."

Da ya isa gida ya tarar da Saude a tsakar gida, an mayar mata da geronta, ga buhun nan ta jingine a bakin ƙofa. Ba ta dube shi ba. Ta miƙa wa Bara'atu kwano ta ce a sa mata fura ta ɗari biyu. Bara'atu ta buɗe faifai, ta ce ai ta ran Talata ce, ta yi tsami, yau ba ta daka ba.

"Sa mini haka nan," in ji Saude.

Bara'atu ta zuba mata. Da ta fita, ta jawo turmi tsakiyar gida, ta ce da Ashafa ya buɗe mata buhu ɗaya. Ya shiga ɗaki ya rungumo shi shi kaɗai, ya kawo mata har gindin turmin.